Igiyar Ɗakin Inji

Tun ina yarinya ake cewa bakina ya fi ni girma, kuma ban taɓa musu ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce in ta aike ni sayen gishiri sai na tsaya na koya wa mai gishiri yadda zai jera kayansa. Da wannan bakin na kama aiki a wani ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa a bayan garin Dutse, can ta hanyar Kiyawa, a shekarar da ciwon baya ya kwantar da maigidana ya daina tuƙa adaidaita. Bai so ba, amma yara kullum sai sun ci, shi ma ya sani. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ne sharaɗin mazajen duk matan da ke wurin: tunda akwai maza a kamfanin, kada ya ji an ce an gan ni ba hijabi har ƙasa.

Wurin wata doguwar rumfar kwano ce da aka raba biyu. A gefe guda mu mata muke zaune a kan tabarmi, muna tsince gyaɗa, muna bakace, muna suya. A ɗaya gefen ɗakin inji yake, inda ake matse mai a fitar da tunkuza. Maza su ne 'yan dako, su sauke buhuna daga motocin ƙauye, su loda jarkoki. Mu kuma in gyaɗa ta soyu sai mu ɗauka a daro mu kai ɗakin inji mu juye a bakin injin matsa. Mai kula da ɗakin injin wani dattijo ne da kowa ke kira Baba mai inji, wanda ƙarar shekara da shekaru ta sa kunnensa ya yi nauyi.

Injin tsoho ne mai shan dizal. Tsakaninsa da injin matsa akwai wani dogon bel da ke gudu tsirara, daidai ƙugun mutum, hanyarmu kuma ta bi tsakanin bel ɗin da bango. In kika ɗauko daro a ka, hannu biyu suna sama, hijabi yana yawo yadda ya ga dama. Dabararmu ita ce mu tattare shi mu soke a hammata, ko mu cije gefensa da haƙori har mu wuce. Babu wadda iskar bel ɗin ba ta taɓa kaɗa wa gefen hijabi ba. Sai a dawo kan tabarma ana dariya, a ce yau saura ƙiris wance ta zama ƙuli-ƙuli. Na taɓa yi wa Manaja maganar. Matashi ne, ɗan 'yar'uwar Alhaji mai kamfanin, kullum da waya a kunne. Ya ce injin ya riga ni zuwa wurin kuma bai taɓa cin kowa ba. Daga ranar ya sa mini suna Lauya, sunan kuma ya bi ni.

Wadda take zama kusa da ni a tabarma wata yarinyar mace ce da aure ya kawo ta Dutse daga wani ƙauye kusa da Miga, shi ya sa muke ce mata 'yar Miga. Ita take riƙe da gidansu, don mijinta leburan gini ne, yau da aiki gobe babu. Ban taɓa ganin mai kunya irinta ba. In ɗan dako ya gifta sai ta sunkuyar da kai har ya ɓace. Amma in babu namiji kusa takan yi mana waƙoƙin daka irin na ƙauyensu, da wata siririyar murya mai daɗi, mu riƙa amsawa hannu yana aiki. Yaya take ce mini. Ni nake yi mata faɗa in an rage mata wuri a inuwa, ita kuma ta riƙa jan gefen zanina tana cewa in yi haƙuri.

Lokacin kaka ne abin ya faru. Sabuwar gyaɗa ta shigo daga ƙauyukan Buji, aiki ya yi yawa har ba a kashe inji sai za a yi sallah. Ina bayan 'yar Miga da nawa daron. Ta juye nata, wasu 'yan ƙwayoyi suka zube ƙasa, ta sunkuya za ta tsince, don ita ba ta iya ganin abinci a ƙasa ta wuce. Hijabin ya zame daga hammatarta. Ban ga lokacin da bel ya kama shi ba. Na dai ga kanta ya fizgu baya, ta faɗi a kan gwiwa, yadin yana naɗewa a jikin wilin inji yana jan ta.

Na yar da daro na rungumi ƙugunta ina ce mata ta saki, ta zare kanta. Hijabi ne fa, in kika sunkuyar da kai kika sake shi fita zai yi. Amma hannayenta biyu suna bisa kanta, ta danne shi da iya ƙarfinta. 'Yan dako suka shigo da gudu da suka ji ihuna, ita kuma da ta ga maza sai ta ƙara dannewa. Baba mai inji yana waje yana alwala. Ƙarfen da ake ja a kashe injin yana can ɗaya gefen, inda mace ba ta taɓa takawa ba, a cikinmu babu wadda ta san ma wanne ne. Kafin wani ɗan dako ya zagaya ya ja shi, idanunta sun firfito, ta daina motsi.

A adaidaita muka kai ta asibiti, kanta a cinyata. Allah ya sa da sauran kwana. Da ta farfaɗo wuyanta ya kumbura, ga shatin yadi ya zagaye shi. Ta yafito ni da ido. Na kara kunnena a bakinta don muryar ba ta fita.

“Yaya,” ta ce, “kaina bai buɗe ba ko?”

Na ce mata bai buɗe ba. Na fita baranda na yi kuka mai isata, kuma rabin kukan na haushi ne. Na ji haushinta, na ji haushin bel ɗin, na ji haushin duk dariyar da aka yi a kan tabarma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san da ni ce ko wata a cikinmu, abin da ta yi shi za mu yi.

Alhaji ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya ɗauki nauyin asibiti, ya zo dubiya da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa yana ta salati. Amma shi irin mutanen nan ne da in abu ya dame su sai su shige ofis da mutum ɗaya su fito da hukunci. Shi da Manaja suka zauna. Abin da suka fara fitowa da shi kaya ne a leda, riga da wando a haɗe irin na makanikai, shuɗi, kowace mace ɗaya. Iya, wadda ta girme mu duka, tsohuwa mai goro a kumatu da ta fara toya ƙuli tun ba a haifi Manaja ba, ta ɗaga nata sama ta juya shi gaba da baya.

“Ɗan nan,” ta ce da Manaja, “in fitsari ya matsi mutum a cikin wannan, ta ina ake bi?”

Muka kwashe da dariya, shi kuma ya sha mur. Babu wadda ta sa. Wadda ta yi gangancin kai nata gida ta nuna wa miji, washegari ba ta zo aiki ba. Sai hukunci na biyu ya fito. Manaja ya tara mu ya ce tunda mata sun ƙi kayan kariya, Alhaji ba zai ɗauki alhakin ran kowa ba. Daga ƙarshen mako kowa ta zauna a gidanta, za a ɗauki samari. Ya ce don lafiyarmu aka yi, mu gode wa Allah da ya ba mu maigida mai tausayi.

A hanyar gida na kasa yin shiru. Na ce da matan, inji ya shaƙe mutum ɗaya, an kore mu mu duka, shi kuma yana nan inda yake ko harara ba a yi masa ba. Na ce gobe zan je ofis in faɗa wa Alhaji abin da ke cikina, in ya so ya sa a fitar da ni. Iya ta bari na gama tukuna.

“Ke Lauya, in kika je da wannan bakin a yau, kin rufe mana ƙofa,” ta ce. “Alhaji mutum ne mai jin kunya. Ta nan za mu kama shi.”

Abin da ta tsara mai sauƙi ne. Kullum da safe, lokacin da muka saba zuwa aiki, sai mu zo mu shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ƙofar kamfanin daga waje. In motar Alhaji ta iso, mu durƙusa mu gaishe shi. Barka da asuba ranka ya daɗe, an tashi lafiya, ya iyali, ya gajiya. Shi ke nan, ba ƙari. Ranar farko ya amsa da fara'a ya shige. Da ya ga abin ya ci gaba sai ya aiko Manaja ya tambayi abin da muke so, Iya ta ce gaisuwa muka zo. Masu wucewa suka fara tsayawa suna tambaya ko rasuwa aka yi. Direbobin motocin ƙauye suka fara kai labari kasuwanni.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Rana tana dukanmu, tukwane a gida babu komai, muna jin ƙarar inji daga ciki samari suna aikinmu. Wasu matan suka janye, wata mijinta ya hana, wata ta sami wankau a gidan ma'aikata. Maigidana ma ya ce mini ana maganata a majalisa, wai matarsa ta zama mai zaman ƙofar Alhazai. Na ce masa ya yi haƙuri, ba roƙo nake zuwa ba, kuma ba zan daina ba sai an saurare mu. Ya dube ni ya ce dama ya sani, ya faɗa ne don kada a ce bai faɗa ba. In na tashi daga gindin darbejiya sai in biya gidan su 'yar Miga. An sallamo ta, tana kwance, wuya ba ya juyuwa, murya ta dishe. Likita ya ce wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Kullum sai ta tambaye ni ko an mayar da mu, in ce mata saura kaɗan.

Wata safiya Alhaji ya sa aka tsayar da mota, ya fito, ya zo har gaban tabarma.

“Iya, don girman Allah ki tashi,” ya ce. “Kin haife ni. Kullum ki durƙusa mini a bakin titi, so kike mutane su tsine mini? Me kuke so?”

Iya ta nuna ni da haɓa. “Ga Lauyarmu nan.”

Aka kawo masa kujera. Manaja ya tsaya a bayansa, Baba mai inji da 'yan dako suka leƙo daga ƙofa. Na daɗe ina jiran wannan zama. Na ce, “Ranka ya daɗe, abu ɗaya muke so, a tambaye mu. Mu ne muke bin hanyar nan da daro a ka. An yanke hukunci a kanmu har sau biyu, ba a ji ta bakin ko ɗayarmu ba.”

Ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, kuma shi tsoron Allah ne ya sa ya sallame mu. Ya ce an gaya masa da yarinyar ta saki hijabin da ba a kai ga haka ba. Manaja ya karɓe, ya ce ai ko da za a mayar da mu, magana ɗaya ce za a koya mana: in inji ya kama, a saki. Ya ce wannan ko yaro ya sani.

Nan zuciya ta kawo mini wuya. Iya tana zaune a gabana, bayanta gare ni. Ban yi shawara da kowa ba, na miƙa hannu na fizgi bayan hijabinta. Kafin ƙiftawar ido hannayenta biyu suna bisa kanta, ta danne, ta juyo a fusace.

“Ke 'yar nan, kin haukace ne?”

“Ki yafe ni, Iya,” na ce. Na juya wajen Alhaji. “Ranka ya daɗe, ka gani. Iya ce fa, mai jikoki, babu wanda take jin kunya a nan, kuma yanzun nan ta ji an ce a saki. Hannu ne yake yi kafin mutum ya yi tunani. Tun muna ƙanana ake koya mana riƙewa, a gida, a makaranta, a hanya. Ba Manaja ne zai kankare wannan da magana ɗaya ba.”

Iya ta gyara hijabinta a hankali, tana harara ta. Sai na ga hararar ta sauka. Ta tofar da goro gefe, ta dubi Alhaji.

“Alhaji, ni tsohuwa ce, bari in tambaye ka. Da mazagin wandonka ne inji ya kama, ga mata sun shigo a guje, za ka saki?”

Wani ɗan dako ya kasa riƙewa ya tuntsire da dariya ya gudu ciki. Baba mai inji yana ta tambayar me aka ce. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago idonsa har da hawaye.

“Iya, kin gama da ni,” ya ce. “A kashe inji. Ku shiga ku nuna mini.”

Ban taɓa shiga ɗakin nan da rana na ji shi shiru ba sai ranar. Muka shiga mu duka, Alhaji yana biye. Kowace ta tsaya inda take tsayawa in tana aiki ta nuna yadda take yi. Masu kunya suka riƙa raɗa wa Iya, Iya tana faɗa da ƙarfi. Ashe kowa da abin da ta daɗe tana tsoro ta haɗiye. Wata ta nuna inda mai ke ɗiga ƙasa ya yi santsi daidai kusa da bel. Wata ta ce ita ake sawa ta yi sharar ƙarƙashin inji yana gudu, don Manaja ba ya son a tsaya. Baba mai inji, da aka fahimtar da shi abin da ake yi, ya ce ai bel ɗin da murfinsa ya zo, cire shi aka yi tun da daɗewa don yana ɓata lokaci wajen ɗaure bel, kuma shi ma bai taɓa kwana da daɗin hakan ba. Alhaji ya tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce ba a tambaye shi ba.

Maganar igiya wata baiwar Allah ce ta kawo ta, wadda ban taɓa jin ta yi magana a gaban namiji ba. Ta ce tunda ƙarfen kashe inji ja ake yi, me zai hana a ɗaura masa igiya a ratayo ta saman azara kamar ta guga, a sauko da ita ta gefenmu. Baba mai inji ya kwance igiyar buhu nan take ya gwada. Aka tayar da inji, Iya ta ja, inji ya mutu. Muka dubi juna. Abin da ya kusa cin ran mutum, ashe maganinsa yana rataye a jikin buhu.

Mai walda ya zo ya yi wa bel raga ta ƙarfe. Hijabi kuwa mu muka zauna da wata tela a unguwarmu muka yi ta gwaji muna ɓatawa. A ƙarshe muka tsaya a kan gajere mai hannu, iya ƙugu, ba ya reto. A ƙarƙashinsa hula ce mai ɗauri da ta rufe gashi da wuya ruf. A haɓa kuma maɓalli ne irin na rigar jarirai, wanda in aka fizga yake ɓallewa da kansa. Mun yi ta fizgar juna a tsakar gidan telar muna shewa, kuma kowane karo kafin hannu ya kai ka hijabin ya riga ya fita, kai kuma a rufe. Dogon a sa shi a hanya, in an zo a rataye a ƙusa. Kowace ta kai gida ta nuna. Maigidana ya sa na juya gaba na juya baya, ya ce ba laifi.

Sai zaman ƙarshe da Alhaji. Muka ce ba mai shiga ɗakin inji da tufa mai reto, mace ko namiji. Muka ce duk wanda ya ga haɗari ya ja igiya, kuma ba za a yi masa faɗa ba. Manaja ya ce za mu mai da abin wasa, in inji ya mutu mai yana hucewa, tayarwa kuma aiki ne. Alhaji ya ce ya ji, ya kuma yarda. Har ya yunƙura zai tashi na ce saura 'yar Miga. Manaja ya ce wadda ba ta iya ɗaukar daro me za ta yi, nan ba asibiti ba ne. Na ce in ba ita, babu wadda za ta koma. Ban shirya wannan da matan ba, kuma na san halin da gidajensu ke ciki. Na kasa ɗaga ido in dube su. Sai na ji Iya ta ce haka ne, sauran ma suka ce haka ne. Alhaji ya tambaya wane aiki za ta yi. Na ce idonta lafiya lau yake, a sa mata kujera a bakin ɗakin inji kusa da igiya, ta riƙa duba mai shiga.

Haka muka koma. Amma murnata ba ta daɗe ba, don na lura igiyar tana nan rataye babu mai taɓa ta. Ranar da mai ya malale a ƙasa, maimakon a ja, sai aka yi ta tsallakewa. Ranar da wani ɗan dako ya shiga da rawani yana lilo, 'yar Miga ta bi shi da ido har ya fito. Kowa yana tsoron ya zama na farko. Manaja ya fara kiran ta igiyar shanya. Yakan tsaya kusa da kujerar 'yar Miga ya ce a gaban kowa wasu dai sun sami wurin hutawa, in kaka ta wuce zai yi wa Alhaji magana. Ita kuma ta sunkuyar da kai.

Na same ta a wajen alwala na ce, “Ki ja ta ko sau ɗaya ne. In ba ki ja ba, su za su ce ba ki da amfani.”

“Yaya, in na ja aka kore ni fa?” ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata.

Alkawarin Alhaji da baki aka yi shi a gindin bishiya, kuma ban san nauyinsa ba sai an gwada. Na ji tsoro ƙwarai a lokacin, tsoron cewa na jawo ta wurin da za a wulaƙanta ta a kore ta a karo na biyu.

Ana nan wata rana da hantsi Alhaji ya zo da baƙi, wasu 'yan kasuwa daga Kano da ke son sayen mai da yawa. Ya sha babbar riga ta shadda, hannuwanta har ƙasa, baƙin ma haka. Ina bakin injin matsa da daro a ka na hango su sun nufo ƙofa, yana ta nuna musu ragar ƙarfe da alfahari. 'Yar Miga ta zame daga kujera ta durƙusa, na ga bakinta yana motsi. Wa zai ji ta a cikin wannan ƙara? Ta ɗaga hannu, ya ɗauka gaisuwa ce, ya amsa da kai ya wuce. Ya nufi ɗaya gefen, wajen wilin da ake tayar da inji, wanda raga ba ta rufe ba. Yana tafe yana waiwaye yana bayani, hannun rigar yana shara a ƙasa.

Ta dube ni. Ina nesa, hannuna biyu a sama, ko kai ban iya gyaɗa mata ba. Ta miƙe ta kama igiyar da hannu biyu ta ja.

Inji ya yi tari ya mutu. Manaja ya shigo da sauri yana tambayar wane ne, wane mara hankali ne, ga baƙi. Bai sha wahalar nema ba, don ba ta saki igiyar ba, tana nan tsaye. A cikin shirun nan kowa ya ji ta.

“Ranka ya daɗe, rigarka.”

Baƙin suka dubi Alhaji. Fuskarsa ta canja, na ga ransa ya ɓaci, don ba a saba tsayar da shi a gaban mutane ba, balle a gidansa. Na sauke daro a hankali na fara shirya bakina. Manaja ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya dubi hannun rigarsa, ya dubi wilin da bai gama tsayawa ba. Sai ya cire hula, ya tuɓe babbar rigar ta ka, ya miƙa wa Manaja, ya mayar da hularsa. Ya ce da baƙin su yi haƙuri su ma su tuɓe, dokar wurin ke nan.

Ya juyo wajenta daga shi sai 'yar ciki da wando.

“Yanzu fa, 'yata? In wuce?”

Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ɗan dako ta dubi Alhaji daga sama har ƙasa, ta dubi baƙin ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu ya bar dogon carbi yana reto a wuyan hannu, ta nuna shi da yatsa, ya cusa a aljihu. Manaja yana tsaye a bakin ƙofa rungume da riguna. Sai a lokacin ta saki igiyar, ta ɗaga wa Baba mai inji hannu ya tayar.